Lomar Farko

Jirgin bai gama taɓa gaci ba Tasallah ta diro cikin ruwa har ƙauri, ƙwarya a ka, tana neman hanyar tudu. Mai fiton, wani dattijo cikin Sarkawan bakin Kwara, ya dafe jirgin da gora yana kallonta.

"In 'yan dakon Nasara ki ka biɗa, bi inda ciyawa tak kwanta," in ji shi. "Shekaranjiya nak kai musu kihi. Ba su yi nisa ba, duwatsu su ka tarawa."

"Baba, ka ga wani ƙato cikinsu, mai yawan dariya?"

Dattijon ya duba ruwa. "Ƙato kam na gani. Dariya ce ban gani ba."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta miƙa masa ƙullin daddawa, ta matse gefen zanenta, ta hau tudu.

Shekara ta uku ke nan da Nasara suka ci ƙasa, kuma har yanzu mutanen Bahindi ba su gane abin da suke so ba. Bana sai aka ce Ingilishi da Faranshi za su raba daji tsakaninsu, kowa ya san nasa, kuma da tarin duwatsu za a yi rabon. Duwatsu kuwa ba su tafiya da ƙafarsu. Sai saƙo ya zo wa hakimi, kowane gida a ba da namiji guda mai ɗaukar kaya. Maza biyu ne a gidansu Tasallah, mijinta Namadi da ƙanenta Baƙo. Namadi mutum ne mai saurin tunani in abu ya zo kan wuyansa. Ya jira sai da ta tafi rafi wanki, ya kama hannun Baƙo ya kai shi ƙofar hakimi, ya ce masa za a je kallon Bature. An ce Baƙo yana tsalle ya tafi.

"Kwana biyu ɗai na," Namadi ya ce mata da ta dawo. "Ga shi da ƙarhi awa sa. Ko sau guda dai shi yi ma gidan ga amfani."

Ta yi kuka, ta yi zagi, sannan ta jira kwana biyun. A rana ta huɗu wani mutumin unguwarsu ya dawo yana jan ƙafa, kurkunu ya fito masa aka sallame shi. Shi ya gaya mata aikin ba na kwana biyu ba ne, kudu za a yi ta gangarawa har sai ruwa ya sauka. Ya kuma gaya mata abin da ta riga ta sani, cewa tun da aka bar gari Baƙo bai sa komai a baki ba sai ruwa.

Da ta ɗaura zane za ta fita, Namadi ya zare mata goyon daga baya. Ya ce ta tafi in ta ga dama, amma 'yarsa ba za ta je sansanin soja ba. Ya kai Asama'u, 'yar wata huɗu, wurin maƙwabciyarsu Riskuwa mai shayarwa. Riskuwa ta dubi nata jaririn, ta dubi ƙirjinta, ta ce kwana biyu za ta iya. Yau ne na biyun.

Wanda bai san Baƙo ba zai ce ai yunwa ita za ta koya masa ci. Tasallah ta gaji da yi wa mutane bayani. Ba mahaukaci ba ne, bai taɓa jifan kowa ba, bai taɓa yaga riga ba. Jikinsa ne ya yi ta girma har ya wuce ƙofar ɗaki, hankalinsa kuwa ya tsaya inda na ɗan shekara huɗu yake, ya yi zamansa. Tun yana ƙarami bai san ƙoshi ba, bai kuma san abin ci da wanda ba na ci ba. Ya ci ƙasar bango, ya ci sabulun salo, ya ci tuwon mutum biyar ya amayar ya koma kan tukunya. Ba ya tauna, haɗiya yake yi, sau uku uwarsu tana zura yatsa maƙogwaronsa tana ciro abu. A kasuwa ya sha duka a hannun masu ƙosai har an daina ƙirgawa. Shekarar da fari ya ci gero, mutane suka koma jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki ana sake musu ruwa don dafin ya fita, sai ya samu na ranar farko ya cika cikinsa. Kwana uku yana kwance, har an fara maganar inda za a haƙa.

Da ya tashi, uwarsu ta ce ba za ta binne shi saboda bakinsa ba. Ta fara gwada masa da lallashi: ka ci na gida, kada ka ci na waje. Bai kama ba. Ta ce ka ci wanda aka ba ka, kada ka ɗauka. Bai kama ba, don duk abin da idonsa ya gani, a wurinsa an ba shi ne. A kan Baƙo abu ko dai a buɗe yake ko a rufe, ba ya iya riƙe magana mai rassa biyu. Sai ta rufe gaba ɗaya. Da tsumagiya, da kuka, nata da nasa, ta yi damina guda tana dasa masa doka ɗaya: ba ya taɓa abinci sai ta ɗebi lomar farko daga kwanon, ta taɓa ta a leɓenta, ta sa masa a tafin hannu. In ta yi haka, abin da ke cikin kwanon nasa ne. In ba ta yi ba, ko a hancinsa aka ajiye, babu shi.

Dokar ta kama, ta kuma raya shi shekara goma sha biyar. Masu ƙosai suka daina dukansa, har aika shi suke yi da faranti. Da uwar ta ji ciwon ajali, ta yi wata guda cur tana ɗora hannun Tasallah a ƙarƙashin nata duk lokacin cin abinci, tana janye nata kaɗan kaɗan, har Baƙo ya yarda da hannun yayarsa. Tun daga nan Tasallah ba ta taɓa kwana a wani gari ba. Biki ko rasuwa, kafin azahar ta dawo. Namadi ya san duk wannan, a gabansa ake yi safe da yamma.

Rana ta ɗaga, zafin bazara ya fara dukan ƙeya. Hanyar ba ta da wuyar bi, ƙafar mutum sittin ta kwantar da ciyawa, ga itatuwa an sassare su a jere kamar da zare aka ja. Can ta iske tarin duwatsu na farko, tsawonsa ya kai ƙirjinta, an shafa masa farar ƙasa a ka. Ta zagaya shi. Gabas da shi sabara ce da geza, yamma da shi ma sabara ce da geza. Wannan ne aka raba ta da ƙanenta saboda shi. Nono ya cika mata ƙirji har yana tsattsafowa, ta ƙara tamke zane ta ci gaba. Ta wuce tari na biyu, na uku. A gabas hadari ya yi baƙi ya tsaya, bai matso ba, bai kuma watse ba.

Ungulaye ta fara gani kafin hayaƙi. Suna zaune bisa wani busasshen marke, ba su ko motsa ba da ta wuce ƙarƙashinsu. Ta ce a ranta ai duk inda aka yi yanka suna zuwa, ta kuma ƙara sauri.

Sansanin yana cikin wani fage da aka share. Farin tanti guda can gefe, an kewaye shi da igiya. Sojoji baƙaƙe da jajayen huluna suna kwance a inuwar tsamiya, bindigogi a jingine. 'Yan dako kuwa suna warwatse a rana, wasu na fasa dutse, wasu na hura wuta ƙarƙashin 'yan tukwane. A tsakiyar fagen an kafa wani gungume, an ɗaure mutum a jikinsa, hannuwa a sama, fuska a manne da itacen. Bayansa ya fashe a tsaitsaye da a gicciye, ƙudaje sun rufe shi. Ba ya kuka, numfashi kawai yake yi. Tasallah ta tsaya, sai da ta tabbata siririn mutum ne, ba Baƙo ba, kafin ta ɗauke ido.

"Tasallah? Ke ta?"

Na'Allah ne, dattijon da gonarsa ke maƙwabtaka da tasu, abokin marigayi babansu. Ya rame, gemunsa ya yi fari da ƙurar dutse. Ya ja ta gefe da sauri, ya shiga tsakaninta da idon sojojin.

"Baba, shina ina?"

"Shina da rai. Taho."

"Wancan hwa, mi yay yi?"

"Kihin soja yat taɓa. Guda ɗai, ɗan awa tahin hannu. Bulala ashirin da huɗu, kuma sai la'asar a ka kwance shi, don kowa shi gani."

A bayan wani tantin kaya, inda aka jera buhunan dawa da kwandunan busasshen kifi, nan Baƙo yake. Yana zaune ya jingina da buhu, ƙafafu a miƙe. Wuyansa ya zama siriri a ƙarƙashin babban kan nan, leɓɓansa sun tsage sun yi fari, gefen bakinsa ya yi gyambo. A gabansa akwai ƙoƙo cike da dafaffiyar dawa, tururuwa sun yi mata layi. Hannuwansa biyu kuwa ya cusa su a hammata, ya matse, kamar yadda yake yi tun yana yaro in abinci na kusa.

Ta durƙusa. Ya daɗe yana kallonta kafin ido ya gane.

"Yaya," ya ce, muryar ba ta fita sosai. "Ban taɓa ba."

"Na sani, Baƙo."

"Sun ce in ci. Ban taɓa ba."

"Na gani. Ka yi kirki."

Ta faɗi haka, ta ji kamar ta mari kanta. Na'Allah ya tsuguna gefe yana ba ta labari ƙasa ƙasa. Ba abin da bai yi ba. Ya lallashe shi, ya yi masa tsawa, ya ce Yaya ce ta aiko a ba shi, Baƙo ya ce to tana ina. Rana ta uku mutum huɗu suka danne shi za su ɗura masa kunu, ya datse haƙora, abin ya bi ta hanci, ya shaƙe har idanunsa suka juye, suka sake shi don tsoro. A ranar ya faɗi da dutse a ka.

Tasallah ta sauke ƙwaryarta. Ta zo da garin gero da tsamiya da curin fura biyu. Ta ari wutar Na'Allah ta dama kunu tsararo, kusan ruwa, don ta ga yadda tuwo ya kashe mutane a ƙarshen shekarar yunwa. Ta fifita shi har ya huce. Ta tsoma yatsu uku, ta taɓa a leɓenta, ta ɗiga masa a tafin hannu. Ya lashe. Sannan ya kai hannu biyu zai rarumi ƙoƙon gaba ɗaya, ta riƙe gefensa, tana ba shi kurɓi guda tana janyewa, tana jira ya sauka. Yana sha yana hawaye, ba sauti. Ƙoƙo guda ya ɗauke su lokacin da za a yi tafiya daga gida zuwa rafi a dawo.

"Wa yab bari macce tas shigo nan?"

Wani mutum ne da tsohuwar rigar soja ba maɓalli, da bulala a rataye a kafaɗa. Na'Allah ya miƙe da sauri ya ce hedima Atiku ne, shugaban 'yan dako. Tasallah ta gyara durƙuso ta gaishe shi. Da ya ga Baƙo na lasar ƙoƙo sai fuskarsa ta saki.

"Ashe shina ci. To madalla, na ɗauka gawa za ni bari nan." Ya dafa kan Baƙo kamar mai duba doki. "Ƙanenki na? Kin yi sa'ar ɗan'uwa. Mutum sittin gare ni, duk ɓarayi, shi ɗai ni ka iya bari da kayan baki in juya baya. Kwana biyu shina tsaron kihin ga, ko ƙaya ba ta ɓace ba. In munka tashi ma shi za ni ɗora ma kwandon, ya hi dutse sauƙi."

"Ranka shi daɗe, ka taimake ni ka ba ni shi in koma da shi. Ba shi ci sai daga hannuna. In kunka tahi da shi mutuwa za shi yi."

"Kin zo da namiji madadinai?"

"A'a."

"To mi ki ka so in yi? Kullum da sahe Bature shina hitowa da takarda shi ƙirga kawuna. In guda yar rage, ni a ka ɗaurewa ga gungumen can, kuma a aika Bahindi a kwaso uku. Wanda ƙahwatai tar ruɓe ɗai a ka sallama, sai Bature ya gani da idonai. Wanga kuwa ga shi ya ci abinci."

Ta dubi ƙoƙon da ke hannunta. Da ta bar shi a kwance yadda ta same shi, wataƙila da Bature ya gani da idonsa. Ba ta yi wannan tunanin ba sai yanzu.

"To in bi ku. In ɗauki kaya ni ma."

Hedima ya waiga wajen tsamiya. Biyu daga cikin sojojin sun tashi zaune, suna kallon wannan gefen, ɗaya yana sakace.

"Baiwar Allah, ni ma ina da ƙanne mata," ya ce, ya rage murya. "In an busa ƙaho da la'asar za mu tashi. Kada rana ta hwaɗi kina kusa da nan."

Ya tafi. Tasallah ta zauna a ƙasa. Gaban zanenta ya jiƙe da nono, ta ja gyale ta rufe. Tana jin kukan Asama'u a kunnenta tun safe, irin kukan nan da ke dishewa in an daɗe ba a kula ba. Riskuwa mutuniyar kirki ce, amma in nono ya kasa biyu, kowa ya san wanda za a fara ba.

Rana ta karkata kaɗan. Abin da uwarsu ta yi a wata guda, ita tana da tsakanin azahar da la'asar.

Ta dama fura, ta kira Na'Allah ya zauna kusa. Ta ɗora hannunsa a ƙarƙashin nata, suka ɗebo tare, ta taɓa a leɓenta, suka sa a tafin Baƙo. Ya ci. Suka sake, ya ci. A na uku ta sa dattijon ya taɓa a nasa leɓen, hannunta na bisa nasa. Baƙo ya dube ta, ya dubi hannun, ya ci a hankali. Ta ɗan ji sanyi a ranta.

"Baƙo, ka ga Baba Na'Allah? Daga yau hannunai hannuna na. Abin da yab ba ka, ka ci. Ka ji?"

"Na ji."

Ta tashi ta koma bayan buhuna inda ba zai gan ta ba, ta leƙo ta tsakani. Na'Allah ya ɗebo, ya taɓa a leɓe, ya miƙa. Baƙo ya waiga dama, ya waiga hagu. Sai ya mayar da hannuwansa hammata.

"Yaya ba ta nan."

"Yanzu tag gaya maka, Baƙo."

"Ba ta nan."

Sau bakwai suka yi. In tana tsaye yana ganinta, ko da nesa ne, sai ya karɓa. In ta ɓace masa, sai ya rufe. A na bakwai ya fara rawar jiki yana bubbuga ƙeyarsa da buhu, ya ɗauka gwada shi ake yi, kamar yadda uwarsu ta riƙa ajiye masa ƙosai ta laɓe bayan danga da tsumagiya. Na'Allah ya ajiye ƙoƙon, ya share hannunsa a cinya.

Can wajen tanti aka fara kwance igiyoyi. Wasu mutum biyu suka je suka sauko da na jikin gungumen, suka ja shi inuwa, ƙafafunsa na shara a ƙasa.

Hanya guda ta rage, kuma Tasallah ta san ta tun tana cikin jirgi, ta dai ƙi dubanta ne. Ruwa ba zai sauka ba sai nan da kwana ashirin ko fiye. Baƙo ba zai ga goma ba. Abin da aka rufe ana iya buɗe shi, amma ba a buɗe wa Baƙo rabi.

"Baba," ta ce, "za ni kwance mai."

Na'Allah ya gane. Ya dubi kwandunan kifi, ya dubi gungumen da ke tsakiyar fage.

"Ɗiyata, kin ga bayan mutumin can."

"Na gani. Shina numhwashi."

Ta zuba sauran furar a ƙoƙo ta ajiye a gaban Baƙo. Ba ta ɗebi komai ba. Ta kama wuyan hannunsa na dama ta zaro shi daga hammata. Ya yi ƙarfi, ko a wannan hali sai da ta sa hannu biyu.

"Dube ni, Baƙo. Inna ta ce in gaya maka ta yahe. Ni ma na yahe. Ba sauran jira. Ba wanda za shi ɗebo maka. In ka ji yunwa, ka sa hannu ka ci."

"Inna za ta buge ni."

"Ba ta bugunka. Ta ce ka girma."

Ƙarya ce, kuma ta ji nauyinta a harshe. Ta tura hannun nasa cikin furar har wuyan hannu, ta riƙe shi a can. Ya rufe ido, ya ɗage kafaɗu yana jiran saukar tsumagiya. Suka zauna haka. Wata kurciya na kuka a daji, ana ta jan kaya a bayansu. Da dukan bai zo ba, ya buɗe ido guda. Ta ɗaga hannun ta kai masa baki. Ya lasa. Ya sake jira. Sannan ta sake shi, ta mayar da nata hannuwan bayanta, ta ɗaga kai sama kamar ba ruwanta.

Hannun ya koma ƙoƙon da kansa. A hankali na farko, na biyu da sauri, na uku ya ɗaga ƙoƙon ya kafa kai. Da ya sauke, fura har gira, sai ga dariyar nan tasa ta dawo, babba, baki a buɗe. Tasallah ta yi murna har cikin ƙashinta, kuma ba ta taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Ta tafi bayan buhuna ta laɓe. Na'Allah ya ajiye masa ƙoƙon dawar nan mai tururuwa. Bai ko waiga neman ta ba.

Ta dawo ta tsuguna a gabansa, ta riƙe fuskarsa. Ta san banza ne, amma ta faɗa.

"Na cikin ƙoƙo ɗai, Baƙo. Ka ji? Ban da na cikin kwando. Kuma ka tauna."

"Na ji," in ji shi, idonsa na kan kafaɗarta, yana kallon abin da ke bayanta.

Ta ba Na'Allah sauran garin geron, ta roƙe shi ya riƙa cika masa ciki kafin a ɗora kaya, ya cire masa ƙaya in an samu kifi, ya kwana kusa da shi. Ta ce ya nemi hedima ya sauya masa kaya, a ba shi dutse.

"In nac ce a sauya, sai ya tambayi dalili," in ji dattijon. "In nag gaya mai, ɗaure shi za shi yi tun yau. Za ni yi ƙoƙari in bi bayanai. Amma ba ni ka jera mutane ba, Tasallah."

Aka busa ƙaho. Fagen ya motsa gaba ɗaya, ana kashe wuta da ƙafa, ana naɗa gammo. Hedima da kansa ya zo ya ɗaga Baƙo tsaye, ya ɗora masa kwandon kifi a ka, ya ja tabarmar da aka rufe bakinsa da ita ya gyara. Ya dubi Tasallah ya nuna mata gabas da haɓa.

Ta fita daga fagen, amma ba ta yi nisa ba. Ta tsaya bayan sabon tarin duwatsun da suka gama yau, farar ƙasar kansa ko bushewa ba ta yi ba. Bature ya wuce bisa doki, bai dubi kowa ba. Sai layin 'yan dako ya biyo, ɗaya bayan ɗaya, sun fuskanci kudu. An sa Na'Allah can gaba cikin masu ɗaukar turakun tanti, yana ta waiwaye har kwana ta ɓoye shi. Baƙo yana wajen tsakiya, ya fi kowa tsawo, yana tafiya yana tangaɗi kaɗan amma yana tafiya. Mutum uku a bayansa akwai soja, bindiga a kafaɗa, bulala a hannu, yana hira da na kusa da shi.

Hannun Baƙo na hagu yana riƙe da gefen kwando. Na dama yana lilo. Tana kallo ya daina lilon. Ya tashi a hankali ya dafa ɗaya gefen kwandon, kamar mai gyara kaya. Yatsun suka bi bakin tabarmar suna lalube, suka sami inda igiya ta yi sako-sako.

Tsakaninsu bai fi jifa da dutse ba. In ta kira sunansa sau ɗaya, da muryar da ya sani, hannun zai sauka ya koma hammata. Ta kuma san in ya koma yau, ba mai sake fito da shi.

Ta cusa bakin gyalenta tsakanin haƙora ta cije. Yatsun suka shige ƙarƙashin tabarma.